Nana Asma'u: 'Yar Shehu da ta yi kuka da Fulatanci, ta yi lallashi da Hausa

A garuruwan da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe, har zuwa Fakku, ba abin mamaki ba ne ka shiga gida ka tarar kaka tana yi wa jikanta faɗa da Fulatanci, shi kuma yana ba ta amsa da Hausa. Auratayya ta daɗe da cakuɗa mutanen wannan yanki.

Sai dai a 'yan shekarun nan, da matsalar tsaro ta yi ƙamari a Arewa maso Yamma, kuma gardamar ƙabila ta cika Facebook da TikTok, 'ya'yan irin waɗannan gidaje sun fara jin ana matsa musu su zaɓi ɓangare. Duk wanda aka ce ya zaɓa tsakanin dangin uwa da dangin uba, an ɗora masa nauyin da kan hana barci.

Ƙasar Sakkwato ta taɓa ganin irin wannan. Kusan shekara 200 da suka wuce, wata mata ta ƙarar da rayuwarta a kan wannan gaɓa, tsakanin harsuna da al'adu, tsakanin waɗanda suka ci yaƙi da waɗanda aka ci. Ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Ƙuruciya a bakin hanya

An haife ta a Degel a wajajen 1793. 'Yan biyu ne ita da Hassan. Bisa al'ada Husaina za a raɗa mata, amma Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u, 'yar Sayyidina Abubakar.

Gidansu na Toronkawa ne. Kakanninsu daga Futa Toro suka taso, a ƙasar Sanagal ta yau, suka zauna Ƙonni tun ƙarnoni kafin a haifi Shehu a 1754. Saboda haka yarinyar ta tashi da Fulatanci a tsakar gida, Larabci a kan allo, Hausa kuma a bakin maƙwabta da masu zuwa sauraren wa'azi. Ta kuma iya harshen Buzaye.

Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai ta girma a hannun sauran matan Shehu, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Daga nan shaƙuwarta da Bello ta samo asali, duk da ya ba ta shekara 12.

Ba ta wuce shekara 11 ba aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Aka yi nasara a Tabkin Kwatto, aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada. Yunwa da zazzaɓi suka bi jama'a zuwa Zamfara. A 1805, bayan artabun Alwasa, abokan gaba sun kai har bakin Gwandu, inda mata da yara suke. Da a yau ne, da an kira ta 'yar gudun hijira, an kuma ce tana buƙatar mai duba lafiyar ƙwaƙwalwarta.

A wajajen 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato.

Shekarar 1817 ta zo mata da nauyi. Shehu ya rasu a watan Afrilu, Hassan abokin tagwaicinta ya bi shi a shekarar. Ana cikin wannan sai Malam Abdussalami ya yi bore a Kware. Shi Ba'are ne, yana cikin manyan almajiran Shehu da ba Fulani ba, kuma harin da Gobirawa suka kai wa mutanensa a Gimbana na daga cikin abin da ya jawo hijirar. Ya ga kamar an mayar da shi saniyar ware wajen rabon ƙasa. An fatattake shi, ya rasu a Bakura a 1818. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega daga baya.

Asma'u ta ga wannan tana da shekara 24. Ta ga cewa addini ɗaya bai hana mutum jin an ware shi saboda asalinsa ba.

Matan da yaƙi ya kwaso

Litattafan tarihi sukan lissafa garuruwan da aka ci, su tsallake matan da aka kwaso daga cikinsu. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, matan Gobir da yawa sun shiga gidajen jama'ar Shehu a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai. Bello kansa ya ɗauki Katambale, wadda ta fito daga gidan Sarkin Gobir Yunfa, ta kuma haifa masa 'ya'ya. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, an sake kwaso wasu.

Ka ɗauki mace guda daga cikinsu. An kashe mijinta ko ubanta, an raba ta da garinsu. Ta tsinci kanta a gidan da uwargida da maigida ke magana da harshen da ba ta ji. 'Ya'yan da za ta haifa za a kira su Fulani, alhali waƙar renon da ta iya ta Gobir ce. Wa za ta kai wa kukanta?

A can gida, da ta san inda za ta nufa. A Gobir akwai sarautar Inna, 'yar gidan sarauta mai faɗa-a-ji, wadda take shugabantar bori. Macen da ta rasa ɗa, ko haihuwa ta ƙi, ko kishi ya sa ta a gaba har ta daina ci, a wurin 'yan bori takan samu taron mata 'yan'uwanta, a yi kiɗa, a ba ciwonta suna, a yi mata girka. Malaman jihadi sun ɗauki wannan a matsayin shirka, Asma'u ma haka ta ɗauke shi, kuma ta yi kashedi a kansa a waƙoƙinta ba sau ɗaya ba.

Inda ta yi zarra shi ne ta gane cewa hani kaɗai ba ya warkar da kowa. Idan ka rufe wa mai ƙishirwa rijiya, sai ka nuna masa wata.

Ta fara da harshe. Yawancin waƙoƙin Shehu na wa'azi da Fulatanci suke, ita ma da shi ta fi rubutu. Amma daga farkon shekarun 1830 sai ga ta tana juya su zuwa Hausa. Ta fassara waƙar mahaifinta da aka sani da Tabbat Haƙiƙa. Waƙarta mai jera sunayen surorin Alƙur'ani ta fito da Fulatanci, sannan da Hausa, sannan da Larabci. A wajajen 1837 ta fitar da Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta jero matan Annabi da waliyyai mata na ƙasashen Musulmi, ta haɗa da matan da ta sani a gidan Shehu. Macen da aka raba da kakanninta, sai ga shi an miƙa mata wasu iyaye mata da za ta riƙa kira, kuma da harshen da ta sha a nono.

A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, littafi a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Jerin matsalolin da ke cikinsa ya nuna su wa take tunani: wahalar naƙuda, yaye, ciwon kai, tsoro, damuwa, baƙin ciki, talauci, zaluncin masu mulki. Kusan duk abin da ke kai mace gidan bori ke nan. Larabcin kuwa don malaman da matan za su je wa ne. Ba ta ware ciwon zuciya daga ciwon jiki ba, a layi ɗaya ta jera su.

Malfa da jan rawani

Matan birni suna iya zuwa gidanta. Na ƙauye fa? Nan ta ƙirƙiro 'Yan Taru.

Takan zaɓi mace dattijuwa mai hankali daga wani ƙauye, ta karantar da ita, ta naɗa ta jaji, sunan da fatake ke kiran mai jan ayari. Jajin takan taho Sakkwato ko Wurno a ƙafa da ayarin tsofaffi da 'yan mata ƙanana, domin matan aure masu ƙuruciya suna gida da hidima. Su kawo zuma da man shanu da hatsi da zare, Asma'u ta rabar wa mabuƙata. Su haddace waƙoƙi, su koma su rera wa waɗanda suka bari, a bakin turmi da wajen kaɗi.

Alamar naɗin ita ce abin lura. Malfa take ɗora wa jaji, sannan ta naɗe ta da jan rawani. Malfa kuwa ita ce hular da aka san Innar Gobir da ita. Bagobirar da ta hango jaji tafe ba baƙon abu ta gani ba. Ta ga alamar girman mace da ta sani tun tana yarinya, sai dai yanzu abin da ke ƙarƙashin hular ya canja. Asma'u na da ikon haramta malfar, amma ta bar musu ita.

Kada a yi wa labarin kwalliyar da ta wuce kima. Waɗannan mata ba su zaɓi zuwa Sakkwato ba, kuma tsarin 'Yan Taru ya yi wa daular amfani, don ya sa waɗanda aka ci da yaƙi sun saje. Akwai abubuwan gado na Gobir da Kabi da suka salwanta ta wannan hanya. Borin ma bai mutu ba, yana nan har gobe. Duk da haka, a zamanin da mai nasara ba ya tambayar wanda aka kama yadda ya kwana, samun 'yar Shehu guda da ta zauna ta tsara waƙa da harshen kamammu ba ƙaramin abu ba ne.

Cakuɗar ma ta shiga har cikin ɗakin Shehu. Ƙannenta Maryam da Isa 'ya'yan Mariya ne, ƙwarƙwarar Shehu. An haifi Isa bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa ake ce masa Autan Shehu. Shi ne ya mayar da waƙoƙin Asma'u da dama Hausa, ciki har da Waƙar Gewaye mai ba da tarihin hijira da yaƙe-yaƙe. Maryam kuwa, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta riƙe 'Yan Taru bayan Asma'u. 'Ya'yan da wani zai iya yi wa gorin uwa, su suka zama magadan aikinta.

Nata kukan

Ita da take lallashin wasu, ina take kai nata? Amsar tana cikin marsiyoyinta, kuma suna da yawa, domin Allah Ya ba ta tsawon rai har ta binne kusan duk wanda ta taso da shi.

Ta yi wa baffanta Abdullahin Gwandu, wanda ya rasu a 1829. Ta yi wa Bello, da ya rasu a Wurno a 1837. Ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Buhari, wanda ya riƙe ribaɗin Tambuwal, shi ma mawaƙi ne. Ta yi wa mijinta Giɗaɗo. A 1855 ta yi wa aminiyarta A'isha matar Bello, wadda suka sha wahalar hijira tare, kuma a nan ne kaɗaicinta ya fi fitowa fili. Ba ta ɓoye hawaye ba, ta ma kafa hujja da cewa shari'a ba ta hana kuka ba, kururuwa ta hana.

Akasarin waɗannan waƙoƙi da Fulatanci ta yi su, wasu da Larabci. Macen da ta iya harsuna huɗu, ta kuma yi musayar baitoci da malami daga Shingiɗi ta ƙasar Muritaniya, idan mutuwa ta taɓa ta sai ta koma harshen tsakar gidan Degel. Ba ta ga koyar da Hausa ya rage mata Fulatanci ba, ba ta kuma nemi matan Gobir su bar Hausarsu kafin su zama nata ba.

Wani abin da ba a saba gani ba: ta yi marsiyya ga mutanen da ba su da sarauta. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yabe ta da kirki da sulhunta dangi. Ta yi wa Zaharatu, mai zama da mata a kan gwiwa da wankan gawa. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta. A marsiyyar Bello ma, ba yawan garuruwan da ya ci ta tsaya a kai ba, halinsa da iliminsa ta fi ambata.

Ta rasu a 1864, tana da shekara 70 da 'yan kai, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku. An binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji Giɗaɗo a wazirci, kuma a gidan Waziri aka adana rubuce-rubucenta. Daga taskar Waziri Junaidu ne Baturiyar nan Jean Boyd ta tattara su, ita da Beverly Mack suka buga su a 1997, kimanin ayyuka 60.

Ayarin mata daga ƙauyuka bai daina zuwa Hubbare ba. A birnin Pittsburgh na Amurka kuma, wasu Musulmi mata baƙar fata, a cikin al'ummar da cinikin bayi ya raba da harsuna da sunayen kakanninta, sun kafa ƙungiyar karatu da taimakon juna. Sunan da suka ba ta 'Yan Taru, shugabarsu kuma jaji suke ce mata.