Tarihin Emil Fischer, masanin da ya kwatanta aikin enzayim da kwaɗo da makulli

An haifi Emil Fischer ne a ran 9 ga watan Oktoban 1852 a garin Euskirchen da ke kusa da birnin Kolon a ƙasar Jamus. Mahaifinsa attajiri ne da ya so ɗan ya gaje shi a fatauci, amma da ya ga yaron ba shi da hannun ciniki, sai ya bar shi ya shiga jami'a. Ya fara karatu a Bonn, sannan ya sami digirin digirgir a Strasbourg a 1874 a hannun Adolf von Baeyer. Bayan ya koyar a Munich da Erlangen da Würzburg, an ba shi kujerar shaihun malami a Berlin a 1892.

A 1894 ne ya yi gwajin da ya ɗaukaka sunansa a kan enzayim, wato sinadarin da jikin halitta ke ƙerawa domin gaggauta tsinka wasu sinadarai ko haɗa su. Ya samar da sinadarai biyu daga sukarin gulukos, waɗanda siffa ce kaɗai ta bambanta su. Enzayim na yisti ya tsinka na farko ya bar na biyu, na 'ya'yan almon kuwa ya yi akasin haka. Daga nan Fischer ya fahimci cewa enzayim ba ya aiki sai siffarsa ta dace da abin da zai sarrafa, kamar yadda kwaɗo ba ya buɗewa sai da makullinsa.

Ya sami lambar yabo ta Nobel a 1902. A lokacin ya riga ya karkata ga furotin, inda ya nuna yadda ake ɗaura amino asid ɗaya bayan ɗaya tamkar tsakiyar carbi. A 1907 ya haɗa guda 18 a zare ɗaya.

Har yau da wannan ma'auni ake fahimtar subtilisin, enzayim mai yanka furotin da bakteriya Bacillus ke fitarwa, wanda ake sawa a garin sabulun wanki. A jikinsa akwai kwari mai ƙananan ramuka, kowane rami yana karɓar amino asid da ya dace da shi, sai zaren ya zauna daram sannan a yanke shi. Sinadari mai hana shi aiki, irin wanda ake samu a jikin matsattsaku, yakan shiga kwarin ya maƙale, kamar makullin da ya shiga ya ƙi juyawa. Da irin wannan dabara aka ƙera magungunan HIV da suka fara fitowa a 1995. A 1958 Daniel Koshland ya yi wa ra'ayin kwaskwarima da cewa shi ma enzayim yakan ɗan sauya siffa idan abin ya shigo.

Sai dai ƙarshen rayuwar Fischer ya zo da ɗaci. Matarsa Agnes ta mutu a 1895. A 1914 ya sa hannu a takardar da masana 93 suka mara wa sojojin Jamus baya, kuma biyu daga cikin 'ya'yansa uku sun mutu kafin yaƙin ya ƙare. Bayan an gano yana da ciwon daji, ya kashe kansa a Berlin ran 15 ga watan Yulin 1919, yana da shekara 66.