Jibo Bakari, jagoran Sawaba

Duk wanda ya tashi a Matamaye ko Magarya ya taɓa jin tsofaffi suna zancen zamanin Sawaba da RDA, wasunsu har yanzu sai sun sassauta murya. Mutumin da ke tsakiyar wannan labari shi ne Jibo Bakari.

An haife shi a Sudure, kusa da Yamai, a 1922. Ɗan uwan Diori Hamani ne, su duka malaman lakkol, kuma tare suka soma siyasa a PPN-RDA kafin hanya ta rabu. Jibo ya koma wajen ƴan ƙwadago, direbobi, masu dako da ƙananan ƴan kasuwa. Shi ya sa Sawaba ta yi ƙarfi nan ƙasar gyaɗa, daga Tasawa zuwa Damagaram, ga kuma zumunci da ƴan NEPU na Kano. A 1956 ya zama magajin garin Yamai, a 1957 ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa.

Sai ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Jibo ya nemi a ƙi tayin Degol, a karɓi ƴanci nan take. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, sarakuna da dama suka janye jiki, masu amincewa suka yi rinjaye. Gwamnatinsa ta faɗi. Faɗuwa zaɓe ba baƙon abu ba ne, abin da ya biyo baya shi ne ɓarnar. A 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta koma jam'iyya guda, ɗan adawa ya zama abokin gaba. Maƙwabci na tsegunta maƙwabci, aka cika gidajen kaso.

Shi ma Jibo ba a wanke shi tas ba. Daga gudun hijira ya zaɓi bindiga. A Oktoba 1964 mayaƙan Sawaba suka kutso ta iyakoki, aka murƙushe su, wasu aka harbe su a bainar jama'a. A Afrilu 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idi, ya tsira, kamu ya ƙara tsananta. Talakawan karkara ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Bayan juyin mulkin Kunce a 1974 ya dawo gida, amma a 1975 aka tsare shi, ya yi shekaru a kulle. Da aka buɗe fagen siyasa ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, Sawaba ta dare biyu, bai samu ko kashi 2 cikin ɗari ba. Ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998.