George Stephenson, Uban Jirgin Ƙasa

A shekarar 1911 hanyar jirgi da aka faro daga Baro ta iso Kano. Ba a daɗe ba ciniki ya juya, gyaɗa ta yi daraja, manoman ƙauyuka irin namu na ƙasar Ƙaraye da Rogo suka shiga ɗora ta a jakuna zuwa inda jirgi zai ɗauka. Ya kamata mu san mutumin da wannan abu ya bunƙasa a hannunsa.

An haifi George Stephenson a 1781, a wani ƙauye Wylam, kusa da Newcastle a arewacin Ingila. Ubansa talaka ne, aikinsa iza wuta ga injin da ke zuƙe ruwa daga ramin kwal. Ba halin sa yaro makaranta, sai George ya tashi yana kiwon shanu, daga baya ya bi ubansa aiki. Har ya shekara 18 bai san ko bihim ba. Da ya ga jahilci zai tauye shi, sai ya riƙa tsakurar ladansa yana biyan makarantar dare, yana gyaran takalma da agogo don ƙarin abin masarufi.

Wahala ba ta ƙyale shi ba. Matarsa ta rasu a 1806, ta bar masa ɗa ƙarami, Robert, tururi kuma ya makantar da ubansa. Duk da haka bai karaya ba. A 1811 wani injin ruwa a Killingworth ya gagari masu gyara, shi kuwa ya kwance shi, ya gano cutarsa, ya tashe shi. Saboda haka aka ɗora shi bisa injunan wurin.

Kada mu ce shi ya fara ƙago jirgi, don kuwa tun 1804 Richard Trevithick ya ƙera inji mai tururi ya ja kaya a Wales. Amma nauyinsa ya kakkarya ƙarafan hanya, aka jingine shi. Abin da Stephenson ya gane shi ne, inji ba ya amfani sai da hanya mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗiya, marar hawa da gangara. A 1814 ya ƙera nasa na fari, ya ja tan 30 na kwal, yana tafiyar mil 4 a sa'a. A 1825 aka buɗe hanyar Stockton zuwa Darlington, shi da kansa ya tuƙa.

Da aka tashi haɗa Libaful da Mancesta, manya suka yi masa ba'a, don ga wata fadama mai lumtsi, Chat Moss, a tsakani. Ya shimfiɗa rassan itatuwa da ciyawa, ya zuba tsakuwa bisa, hanya ta zauna. A 1829 aka yi gasar injuna a Rainhill, Rocket, wanda ɗansa Robert ya ƙera da shawararsa, ya cinye fam 500. Wannan ɗa kuwa shi ne wanda uban ya ƙuntata wa kansa ya sa makaranta, in ya komo da dare su bi darasin tare. Aka buɗe hanyar a 1830.

Stephenson ya rasu a 1848, yana da shekara 67. Faɗin hanyarsa, watau ƙafa 4 da inci 8½, shi yawancin duniya ta ɗauka. Turawa sun shimfiɗa mana mai ƙafa 3 da inci 6, amma hanyar Abuja zuwa Kaduna ta 2016 ma'auninsa ta bi.

To, 'yan'uwa, mu da za a danƙa wa 'ya'yan talakawa, mu tuna da makiyayin nan. Wanda ya zo mana a makare kada mu raina shi, gemu ba ya hana ilmi. Allah Ya sa mu zama masu amfani ga ƙasarmu, amin.