Dakta G. V. Black, Mutumin da Ya Auna Ƙarfin Tauna

Duk wanda aka taɓa yi wa cikon haƙori ya ci moriyar wannan bawan Allah, ko da bai taɓa jin sunansa ba. An haifi Greene Vardiman Black a 1836 a wata gona kusa da garin Winchester, a jihar Illinois ta Amurka. Bai yi nisa a makaranta ba. Yana da shekara 17 ya fara koyon aikin likita a hannun yayansa, daga baya ya koma aikin haƙori, ya zauna a garin Jacksonville.

A zamaninsa ana cike kogon haƙori da wani gami na azurfa da kuza da zaiba, amma cikon kan tsuke ko ya kumbura ko ya murƙushe, kuma ba a san dalili ba. Black ya ga cewa kafin a gyara cikon, sai an san irin nauyin da ake ɗora masa. Sai ya ƙera na'urar da mutum zai ciza. Ya gwada mutum 1,000, ya tarar matsakaicin ƙarfin turamen haƙora ya kai kusan kilo 78, wasu ma har 125. Mai karatu ya tuna da wannan in zai fasa ƙashin kaza da haƙorin da aka cike! Daga wajen 1895 ya yi ta auna gamin har ya samo haɗin da ba ya tsukewa ba ya kumbura.

Ya zama shugaban makarantar haƙori ta Jami'ar Northwestern a 1897, kuma littafinsa na 1908 ya zama madogarar ɗalibai. Yadda ya kasa kogon haƙori kashi biyar har yau ana koyar da shi.

Sai dai akwai inda zamani ya saɓa masa. Ya koyar da a faɗaɗa ramin don kada ruɓa ta dawo. Daga baya likitoci suka gane cewa in an rarake haƙori da yawa, bangonsa kan yi siriri, sai tauna ta tsaga shi. Shi ya sa yanzu ake cire ruɓaɓɓen wuri kawai. A ganina wannan ba aibu ba ne a gare shi, domin cikon zamaninsa ba ya manne wa haƙori, dole a sassaƙa masa mazauni.

Ya rasu a 1915. Mutum-mutuminsa yana nan a Lincoln Park, a birnin Chicago.