Byang Kato, Makiyayin da Ya Tsare Ƙofar Garke

Karatu: Ayyukan Manzanni 4:5-12, Yahuza 1-4.

A cikin darasinmu na yau za mu duba rayuwar wani bawan Allah daga ƙasarmu ta Arewa, wanda kwanakinsa ba su yi yawa ba, amma aikinsa ya kai nesa.

An haifi Byang Kato a Kwoi, a ƙasar Jaba, cikin shekara ta 1936. Ubansa mai bin addinin kakanni ne, tun yaron yana jariri kuwa aka keɓe shi domin hidimar tsafi. Amma Ubangiji yana da wani nufi. Yana ɗan shekara 12 ya ji labarin Nuhu da jirgi a makarantar mishan ta SIM, daga bakin wata malama mai suna Mary Haas. Ya ga ƙofar jirgin ɗaya ce, ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi, aka yi masa baftisma a 1948. Ubansa ya husata, ya hana shi kuɗin makaranta. Duk da haka yaron bai juya da baya ba.

Ya gama Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja a 1957, a shekarar kuma ya yi aure. Ya koyar a makarantun Littafi na ƙasarmu, ya san talaucin masu bishara na ƙauye da ƙishinsu na sani. A 1963 ya tafi Landan karatu, a 1967 kuwa aka zaɓe shi babban magatakardan ECWA, daidai lokacin da yaƙin basasa ya tashi. Bayan wannan ya ƙara ilmin tauhidi a Dallas ta Amurka. A 1973 aka naɗa shi babban magatakardan ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, shi ne ɗan Afirka na fari da ya riƙe wannan aiki.

A kwanakin nan waɗansu masana suna ɗaukaka addinan gargajiya, har ya zama kamar kowace hanya tana kai mutum ga ceto. Kato ya ga hatsari biyu: garwaya bishara da tsafi, da kuma zaton cewa dukan mutane za su tsira ko ba tuba. Ya yi magana a babban taron Lausanne a 1974, a 1975 kuma ya fitar da littafinsa, Theological Pitfalls in Africa, inda ya yi muhawara da koyarwar John Mbiti da Bolaji Idowu. Bai rena al'ada ba. Ya so a yi sujada da harshenmu da kiɗanmu, amma Maganar Allah ta zama ma'aunin al'ada, kada al'ada ta zama ma'aunin Magana. Daga baya Kwame Bediako na Gana ya ce Kato ya tsananta wa gadon kakanni fiye da kima. Ya kamata mu auna wannan da natsuwa, muna tuna cewa Kato ya san tsoron tsafi tun daga gidan ubansa.

Ya gane kuma cewa ekklisiya mai yawan jama'a da ƙarancin koyarwa kamar rumbu ne marar jinka: damina ɗaya ta isa ta ɓata hatsin. Saboda haka ya yi ta roƙo a kafa manyan makarantun tauhidi. Bai ga cikarsu ba, gama ranar 19 ga Disamba 1975 ya nutse a teku kusa da Mombasa ta Kenya, yana da shekara 39. Amma aka buɗe makaranta a Bangui a 1977, wata kuma a Nairobi a 1983.

Yau tambayar ta komo da sabuwar riga. Ana cewa kowa da tasa gaskiya, ba mai iya cewa wannan daidai ne, wancan kuskure. Maganar ba ta tsaya a jami'a ba. Ta wayar hannu tana shiga Fadaman Mada da ƙauyukan da ke kewaye da Bauchi, inda sau da yawa mai bishara ɗaya ke kiwon majami'u biyu ko uku. Kato ya nuna mana hanya: mu girmama maƙwabcinmu, mu zauna lafiya da shi, mu kuma san abin da muka gaskata da dalilinsa.

Tambayoyi:
1. Me Kato ya rasa sa'anda ya bi Kristi?
2. Waɗanne al'adunmu ne suka dace da sujada, waɗanne ne kuwa ba su dace ba?
3. Ƙaƙa za mu taimaki makiyayan ƙauye su ƙaru cikin sanin Maganar Allah?