Tarihin marigayi Malam Bello Kagara

An haifi Malam Muhammadu Bello Kagara ne a shekarar 1890, kuma shi ne yayan shahararren marubucin nan Abubakar Imam.

Ya yi karatu a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, daga baya ya koyar a Kwalejin Katsina.

Sai da ya haura shekara 40 sannan ya shiga rubutun ƙagaggun labarai, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasa a 1933.

A wancan zamani malamai da dama na ɗaukar ƙaga labari a matsayin tatsuniya, wadda ba ta dace da mai ilimi ba.

Sai dai Malam Bello bai ja da baya ba. Ya ɗauko tarihin yaƙin Turawa da mutanen Kwantagora, ya haɗa da labarin aljannu, ya rubuta Ganɗoki.

Littafin na cikin biyar da gasar ta haifar, waɗanda suka aza harsashin ƙagaggen labarin Hausa na boko.

Ya riƙe sarautar Walin Katsina, ya kuma rasu a 1971.