William Blake (1757–1827): Mai Zanen Alamtarwa

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi William Blake a birnin Landan na ƙasar Ingila ranar 28 ga Nuwamba, 1757. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da safa. Yana ɗan shekara goma aka sa shi a makarantar koyon zane, sannan a 1772 aka damƙa shi ga James Basire, inda ya shekara bakwai yana koyon sassaƙa zane a kan farantin jan ƙarfe. Maigidan nasa ya riƙa aika shi majami'ar Westminster domin ya kwaikwayi siffofin da ke kan kaburburan sarakuna. A 1782 ya auri Catherine Boucher, wadda shi ya koya mata karatu da rubutu, ta kuma zame masa mataimakiya wajen buga littattafansa da shafa musu launi.

Salonsa

Blake ya tashi a zamanin da masu zane ke koyi da tsofaffin gumakan Girka da Rum, wato fitar da surar ɗan Adam da tsabtataccen layi. Ya riƙe wannan layi, amma ya ɗora masa kayan da ba a saba ba, domin a wurinsa jikin mutum wakili ne na wani hali ko tunani. Wannan shi ne abin da manazarta adon harshe ke kira alamtarwa. Alal misali, ya ƙago wani tsoho mai farin gemu mai suna Urizen, wanda ke wakiltar busasshen hankali da dokar da ke ɗaure mutum.

Misali mafi bayyana shi ne zanensa na 1795 na masanin kimiyya Isaac Newton. Ya nuna shi a matsayin ƙaƙƙarfan saurayi zaune a kan dutse, ya duƙa yana awo da kamfas a kan takarda. Mai kallon gaggawa zai ɗauka yabo ne, alhali suka ce: dutsen cike yake da launuka masu ban sha'awa, amma Newton ya ba su baya, idonsa na kan awo kawai. Ke nan duƙawar da kamfas ɗin su ne mabuɗin ma'anar.

Haka kuma a zane-zane 21 da ya sassaƙa kan labarin Ayuba na Baibul, waɗanda suka fito a 1826, na farkon ya nuna iyalin a zaune, kayan kiɗa na rataye a bishiya, rana tana faɗuwa. A na ƙarshe kuwa iyalin na tsaye riƙe da kayan kiɗan, rana tana fitowa. Sai an jera biyun ake gane cewa jarrabawa ta mai da ibadar al'ada ta zama ta zuci.

Wahalhalunsa da Rasuwarsa

Wannan tafarki bai kawo masa arziki ba. A 1803 wani soja ya zarge shi da zagin sarki a ƙauyen Felpham, amma kotu ta wanke shi a 1804. Bajen kolin da ya shirya a 1809 bai samu kasuwa ba, har wani mai sharhi ya jingina masa taɓin hankali. Daga 1818 ne mai zane John Linnell ya tallafe shi da aiki. Ya rasu ranar 12 ga Agusta, 1827, yana tsakiyar zana labarin Dante, aka binne shi a Bunhill Fields. Darajarsa ba ta fara fitowa sosai ba sai da Alexander Gilchrist ya rubuta tarihinsa, wanda aka buga a 1863.

Kammalawa

Darasin da malami zai ɗauka a nan shi ne, alama ba ta fassaruwa ita kaɗai. A zane ko a waƙa, wajibi ne a koya wa ɗalibi ya dubi abin da ke kewaye da ita da kuma ra'ayin mai ita, kafin ya yanke hukunci.